Musayar waƙa: Kiristocin farko kansu ɗaya ne?

Ɗan Tudun Wada:
Jama'a yau kan Kiristocin farko za mu yi, amsa-amo "ba", bismillah.

A Antakiya aka fara ce musu Kirista,
Amma tun lokacin kansu bai haɗu ba.
Wasu sun ce sai da kaciya za ka shigo,
Bulus ya miƙe ya ce bai yarda ba.
A Urushalima Bitrus da Yaƙub suka yanke,
Ba za a ɗora wa waɗanda ba Yahudawa ba wannan kaya ba.

Gwaggo Mai Alƙalami:
Ɗana, taron nan bai kashe wutar ba.
Ebiyonawa, Yahudawa mabiya Yesu, sun riƙe Attaura gam,
Asabar da kaciya ba su saki ko ɗaya ba.
Yesu a gunsu Almasihu ne, mutum zaɓaɓɓe,
Wasiƙun Bulus kuwa ba su karɓa ba.

Ɗan Tudun Wada:
Gwaggo ga wanda ya yi akasinsu sak.

Markiyon ɗan Sinob, attajirin jirgin ruwa,
Ya ce Mahalicci ba shi ne Uban Yesu ba.
Bisharar Luka kaɗai ya ɗauka ya daddatse,
Da wasiƙun Bulus goma, bai ƙara ba.
A 144 ikilisiyar Roma ta kore shi,
Ta mai da masa kuɗinsa, ba ta ci ba.

Ɗalibar Tarihi:
A 1945 manomi a Nag Hammadi ta Masar
Ya tono tulu, bai san me ke ciki ba.
Kundi 13 ne da harshen Ƙibɗawa,
Muryar waɗanda ba a bari aka ji ba.
Bisharar Toma, zantuka 114,
Ba ta kawo labarin gicciye ba.

Baba Dattijo:
'Ya'yana duk gaskiya kuka faɗa, amma fa abin da ke damuna in aka yi ta lissafa ƙungiyoyi sai mai karatu ya ɗauka babu wani tushe tun farko, alhali akwai shi, kuma ya riga su Markiyon ɗin nan da kusan shekara ɗari.

Bulus ya rubuta wa mutanen Koranti,
Abin da na karɓa na ba ku, ban ƙirƙira ba:
Almasihu ya mutu, an binne, ya tashi rana ta uku,
Wannan shaidar ba daga baya ta zo ba.
Wajen 180 Ireniyus na Liyon
Ya ce Bishara huɗu ce, ba biyar ba.

Ɗalibar Tarihi:
Baba na karɓa, amma gardamar ta daɗe fa sosai.

Ariyus limamin Iskandariya ya ce
Yesu halitta ne, bai kai Uba ba.
Sarki Kustantin ya tara bishof-bishof a Nikiya,
A 325, ba su goyi bayansa ba.
Atanasiyus a 367 ya jera littafi 27 na Sabon Alkawari,
Kafin shi ba a ga jerin daidai haka ba.
Gotawa, ƙabilar da ta mulki Sifen, kuwa sun bi Ariyus,
Sai 589, kafin nan ba su bari ba.