Ba ni da tauraro ko ɗaya, kuma an ɗauke min hotunan takalma, ya ake yi ne?

Baduku_Wambai:

Assalamu alaikum jama'a, dan Allah masu sani a taimaka min. Ni takalman fata nake yi, sandal da silifas na maza, kuma a shago alhamdulillahi ana taɓawa. To ƙanina ne ya matsa lallai sai na buɗe akawun a ɗaya daga cikin shafukan saye da sayarwan nan, wai yanzu kasuwa ta koma cikin waya. Na buɗe na ɗora hotuna amma shiru kake ji, mutum zai shigo ya tambayi kuɗi ya tambayi lamba nawa ne, da ya ga ƙasan sunana ba tauraro ko ɗaya sai ya ɓace ko sallama babu. Abin da ya ɗaure min kai shi ne ba a saye sai an ga taurari, su kuma taurarin ba sa zuwa sai an saya, to ta ina mutum zai fara?

Ana cikin haka wani ya biyo ni ta saƙo wai yana da yara da za su rubuta min sharhi masu kyau da taurari biyar-biyar in biya shi. Sannan wani abokina ya turo min hoton takalmina a shafin wani da ban taɓa sani ba, wallahi har tabarmar shagona ga ta nan a hoton, yana tallan sa ƙasa da kuɗin fatar ma. To ya lissafin taurarin nan yake? In biya wancan ɗin? Kuma hotuna ya ake kare su?

Malamin_Kwamfuta:

Wa alaikumussalam. Malam Baduku wannan matsalar taka ita ce ma dalilin ƙirƙiro taurarin. Ka san da can in fatake suka kai shanu ko goro garin da ba a san su ba, gidan fatoma suke sauka, shi zai tsaya musu, shi ya san mahaucin da za a ba bashi da wanda ba za a ba ba. To a intanet babu fatoma, sai aka ce bari masu saye su riƙa shaidar juna. eBay ne suka yi fice da wannan, Pierre Omidyar ya buɗe shafin a 1995, a 1996 ya sa wurin da duk wanda ya yi ciniki zai ba ɗan'uwansa maki, mai kyau ɗaya, matsakaici sifili, mara kyau a cire ɗaya. In ka tara 10 a ba ka tauraro ruwan ɗorawa, 50 shuɗi, haka launin ke ta canjawa har dubbai.

Kuma abin yana da kuɗi a cikinsa ba wasa ba. Wasu masu bincike a Amurka, Paul Resnick da abokan aikinsa, sun haɗa baki da wani tsohon mai sayar da katunan hoto na da a eBay, kaya iri ɗaya ya riƙa sayarwa wani da tsohon sunansa wani da sabon suna da ba a sani ba, tsohon sunan ya fi samun kuɗi da kusan kashi 8 cikin 100. Ka ga ke nan sabon suna ma yana sayarwa, ragi kawai yake sha. Wannan ragin shi ne kuɗin shiga, duk wanda ka gani da taurari ya biya shi.

Lissafin kuma kowane shafi da nasa. eBay kason maki masu kyau da suke nunawa na wata 12 da suka wuce ne kawai. Amazon sun faɗa da bakinsu cewa ba haɗawa suke su raba ba, sharhin kwanan nan ya fi tsoho nauyi, na wanda suka tabbatar ya sayi kayan ya fi na ɗan wucewa. Sai ka duba dokokin naka shafin, amma yawanci sharhin da ba ciniki a bayansa ba shi da wani nauyi, to yaran mutumin naka me za su saya?

Wani abu kuma da ba a cika faɗa ba, taurarin sun kumbura. A eBay da ne in ka ba mai kaya mara kyau shi ma sai ya rama, mutane suka koma ko su yaba ko su yi shiru, har a 2008 kamfanin ya hana masu sayarwa ba masu saye mara kyau kwata-kwata. Shi ya sa a can mai 97 cikin 100 ma ana ɗan ɗaga masa gira.

Maman_Sadiq:

Ni dai ba na sayarwa, saye nake yi, atamfa da jaka da takalman yara, bari in faɗa maka abin da nake dubawa ƙanina. Biyar-biyar ɗin nan ko kallo ba su ishe ni ba, kai tsaye nake gangarawa wajen masu uku da biyu, nan ne gaskiya take. In na ga wata ta ce kaya sun makara amma mai shagon ya kira ya ba da haƙuri ya canja mata, to hankalina ya kwanta fiye da in ga mutum ɗari suna cewa "kaya sun yi kyau Allah ya ƙara kasuwa" duk rana ɗaya duk baki ɗaya. Sharhin da aka saya da kuɗi ana gane su wallahi, ba wanda zai ce maɗaurin ya matse shi ko lamba 43 ɗin ta yi masa yawa, kowa yabo kawai.

Sannan hoton mai saye ya fi min hoton mai shago. Takalmi a ƙafar mutum a tsakar gida da ƙura-ƙurarsa ya fi wanda aka goge aka ɗora kan farin kyalle. Kai da kake da kwastomomi a shago me kake jira? Duk wanda ya saba saye a hannunka ka roƙe shi wannan karon ya yi odar ta shafin, ya biya ta can, in ya sa takalmin ya kwana biyu ya rubuta abin da ya gani ya ɗora hoto. Ciniki ne na gaske, mutum na gaske. Goma irin wannan sun ishe ka farawa.

Kuma ni kafin in tura kuɗi wa wanda ban sani ba sai na ce ya rubuta sunana da kwanan wata a takarda ya ajiye kusa da kayan ya yi min ɗan bidiyo. Ɓarawon hotonka a nan yake maƙalewa, don ba shi da takalmin.

Sharp_Guy_Sabongari:

Ku bar wahalar da bawan Allah, kowa sayen taurarin yake yi. Oga biya ka wuce wajen, in kasuwa ta buɗe sai ka tuba.

Malamin_Kwamfuta:

Ana saye kam ba musu. A 2017 wani ɗan jarida a Landan, Oobah Butler, ya mayar da rumfar bayan gidansa gidan abinci na ƙarya a TripAdvisor, shafin da ake ba gidajen abinci da otal maki, abokansa suka yi ta rubuta sharhi, hotunan abincin ma da kumfar aski da fenti ya haɗa su, har wajen ya zama na ɗaya a duk Landan alhali ko cokali bai taɓa sayarwa ba. Amma shi ba abin da zai yi asara. Kai sunanka da lambar wayarka ne a kai, kuma yaran nan waya ɗaya ko biyu suke amfani da su su yi wa mutum hamsin aiki, ranar da aka kama su duk wanda suka taɓa yi wa sai an bi ta kansa. Amazon sun kai sama da mutum 1,000 kotu a 2015 kan sayar da sharhi, a Amurka kuma tun 2024 hukumar FTC mai kare masu saye ta sa tarar da za ta iya haura dala 50,000 kan kowane laifi. Mu nan ba wanda zai ci ka tara irin wannan, rufe akawun ɗin ne kawai, ka dawo sifili da sabon suna.

Almajirin_Zaure:

Ɗan'uwa mai cewa a tuba daga baya, Allah ya shirye mu baki ɗaya. Malamai suna da babi a kan najashi, wato mutum ya zo yana ƙara wa kaya kuɗi ko yana zuzuta su alhali ba saye zai yi ba, don dai wani ya ruɗu ya saya, kuma hanin ya zo a Bukhari da Muslim. Ni a fahimtata yaron da bai taɓa sa takalminka ba ya rubuta "na saya ya yi ƙarko" bai da maraba da wannan. Shawarar Maman Sadiq ba ta da wannan matsalar matuƙar ba ka ce musu ga abin da za su rubuta ba.

Ɗan_Farm_Centre:

Bari in ɗauki ɓangaren hoto tunda waya ce sana'ata. Maganar gaskiya yallaɓai, duk hoton da ido zai gani a waya to ana iya ɗauke shi, ko shafin ya hana saukewa mutum sikirinshot zai yi. Abin da za ka iya shi ne ka sa satar ta zama ba riba. Ka rubuta sunan shago da lambarka a kan hoton amma ba a gefe ba, gefe yanke shi ake yi cikin daƙiƙa, ka sa shi ya ratsa kan takalmin dishi-dishi. Wanda ya fi ma, tunda kai baduku ne, ka sa a yi maka tambarin ƙarfe ka riƙa bugawa a jikin fatar wajen dunduniya, ka ɗauki hoton yadda zai fito. Yanzu akwai manhajojin da ke goge rubutu daga hoto, amma wanda ya yi oda ya ga tambari a hoto bai gani a kaya ba ya san an yi masa sauyi.

Don ka san su waye suka ɗauka, buɗe Google Lens ka sa hoton, ko TinEye, za su nuna maka wuraren da ya bayyana, duk da abin da ke cikin WhatsApp da rufaffun guruf ba sa gani. In ka samu ka kai ƙara ta maɓallin rahoto na shafin, ka zaɓi satar hoto ko haƙƙin mallaka. A nan asalin hoton yake amfani, kar ka goge shi. Wanda kyamara ta ɗauka yana ɗauke da wasu bayanai a ɓoye da ake kira EXIF, irin wayar, rana da lokaci, wani sa'in har inda aka tsaya, shi kuma ɓarawo kwafi ne a hannunsa ƙarami wanda an matse. Ka ɗauki takalmi ɗaya ta fuska huɗu ko biyar ka ɗora uku ka ɓoye saura, ranar gardama kai kaɗai ke da su.

Amma EXIF ɗin nan a kula da shi, musamman mata masu sana'a a gida. In lokeshan na kyamara a kunne yake, hoton yana iya nuna ƙofar gidanki daidai. A 2012 John McAfee mai manhajar kashe bairos yana gudun ƴan sandan Belize, ƴan jaridar Vice da ke tare da shi suka ɗora hotonsa da aka ɗauka da iPhone ba su goge bayanan ba, nan take mutane suka gano yana Guatemala. Facebook da Instagram suna cire wannan daga hoton da jama'a ke gani, WhatsApp ma haka in ka tura a matsayin hoto, amma in ka tura a matsayin dokumen to komai na ciki ya tafi yadda yake. Mutane suna son dokumen don hoto ba ya dushewa, to a shiga saitin kyamara a kashe lokeshan tukuna.

Dushewar kuma dalilinta duk lokacin da hoto ya bi ta wata manhaja sai ta sake matse shi don ya yi sauƙin data, daga wayarka zuwa WhatsApp ɗin ƙaninka zuwa sikirinshot zuwa shafin, kafin ya isa ɗinkin basilla ya narke ba a ganin zare, jar fata ta koma kamar roba. Ka ɗora kai tsaye daga wayar da ta ɗauka, ka goge gilashin kyamara da gefen riga, ka ɗauka a inuwa da hantsi ba a ƙarƙashin kwan shago ba.

Kuma ka ajiye naka a memori ko kwamfuta. A 2017 Photobucket, wani shafin ajiye hotuna, suka wayi gari suka ce duk mai son hotunansa su ci gaba da fitowa a wasu shafuka sai ya biya dala 399 a shekara, masu kaya a eBay da Amazon da yawa suka tashi suka ga tallansu ba hoto. TinyPic kuma, wani shafin irinsa, rufewa suka yi gaba ɗaya a 2019.

Baduku_Wambai:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri ya bar zumunci. Na ce wa mai yaran ya bar shi kawai. Hajiya Maman Sadiq akwai wasu ƴan banki da malaman makaranta da suke yi min oda duk sallah, da su zan fara in sha Allahu. Na duba kyamarar kuma lokeshan a kunne yake, na kashe. Ɗan Farm Centre zan leƙo wajenka ka nuna min yadda ake sa rubutun nan dishi-dishi, ni da na gwada sai ya rufe takalmin gaba ɗaya. Tambarin ƙarfen kuma akwai wanda ya san mai yi a Kano, kuma na zafi ya fi zama a kan kirgi ko na bugu da guduma?