Shawara nake nema: ƙarin kuɗin kujerar firimiyam ikonomi zuwa Maldibs, ya cancanta?

Maman yara, Gyaɗi-Gyaɗi:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah waɗanda suka saba shiga jirgin nesa ku taimaka min da shawara, domin kaina ya ɗaure.

A watan Janairu mai zuwa ni da maigidana za mu cika shekara 20 da aure. Shekara 3 ke nan ina zuba adashe da ribar atamfa da leshin da nake sarowa a Kwari, ba tare da ya san abin da nake tarawa ba, so nake in kai shi tsibiran Maldibs mu yi kwana 6. Bawan Allah nan bai taɓa hutawa ba. Makka kawai ya taɓa zuwa, ita ma ibada ce ta kai shi. Na zaɓi Maldibs ne saboda ƙasar Musulmi ce, ba zan yi ta fargabar abinci ko wurin salla ba.

Ga matsalar. Abban yara dogo ne sosai, kuma tun da ya yi hatsari a hanyar Zariya gwiwarsa ta hagu ba ta son a naɗe ta na tsawon lokaci. Ko Kaduna za mu je a mota sai mun tsaya ya sauka ya ɗan taka. Da muka je Umara, awa 4 da 'yan kai ne kawai zuwa Jidda, amma na ga yadda gwiwoyinsa suka tokare bayan kujerar gaba, wanda ke gabansa ya kwantar da tasa, shi kuwa bai ce uffan ba, sai zufa da yake sharewa da hularsa. Da muka sauka sai da ya dafa kafaɗata. Har yau abin yana raina.

Ejan ɗina ya kawo min hanya biyu. Ta farko mu tashi daga nan Kano ta Doha, babban birnin Qatar, a ikonomi, wato kujerar gama-gari. Ta biyu mu sauka Legas mu bi ta Dubai a abin da ya kira firimiyam ikonomi, wai kujera ce tsakanin ta gama-gari da ta manya. Bambancin kuɗin, mu biyu zuwa da dawowa, ya kusa cinye kuɗin kwana 2 na masauki. In na biya, hutun ya koma kwana 4. In ban biya ba, ina tsoron ya isa can da kumburarriyar ƙafa ya kwana biyu a ɗaki. Me za ku yi in ku ne?

Alhaji mai harkar Dubai:

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya saka miki da alheri, ya bar ku tare. Ni dai a biya. Na fi shekara 15 ina zirga-zirgar kaya, kuma ni ma dogo ne, na san abin da kike faɗa. A ikonomi tazarar da ke tsakanin kujerarka da ta gabanka inci 31 ne ko 32 a yawancin jirage. A firimiyam tana kaiwa 38, na Emirates, kamfanin jiragen Dubai, ma har 40. A baki kamar ba wani abu ba, amma tsawon tafin hannu guda ne cur aka ƙara wa gwiwarka. Ga faɗi, ga matashin da ke ɗago ƙwauri, kujerar tana kwanciya fiye da ta baya, kuma ba a cunkusa mutane goma a layi ɗaya. Ranar da na fara zama a cikinta na yi barcin awa 4 a jere, abin da ban taɓa yi a jirgi ba. Kwana 4 da lafiya ya fi kwana 6 da ciwo.

Tsohuwar ma'aikaciyar ofishin tikiti, Zoo Road:

Yaya, kafin ki ce a'a ko e, ki sa ejan ɗin ya turo miki takardar tafiyar gaba ɗaya, ba jimillar kuɗi kawai ba. A jikinta kowane zango yana da layinsa, kuma a gefen kowane layi an rubuta ajin kujerar. Ki ƙirga da kanki. Daga Kano ta Legas zango 3 ne a zuwa, 3 a dawowa. Kano zuwa Legas jirgin cikin gida ne, babu wata firimiyam a ciki. Saura Legas zuwa Dubai, kusan awa 8, da Dubai zuwa Male, babban birnin Maldibs, awa 4 da ɗan abu. Ba kowane jirgin kamfani ne yake da wannan kujera ba, ko da kamfanin yana tallarta, domin a hankali ake sake wa jiragen fasali, wasu an sa musu, wasu ba a kai gare su ba. Na sha ganin mutum ya biya kuɗin firimiyam, ashe a gajeren zangon kawai zai same ta, dogon kuma yana baya tare da kowa. Na kuma taɓa samun wani fasinjanmu da aka canja musu jirgi ana gobe tafiya, sabon babu ajin kwata-kwata, aka mayar da shi baya, ya yi watanni yana bin bambancin kuɗinsa. Idan ba a zangon awa 8 ɗin nan kujerar take ba, to maganar ta mutu tun daga nan.

Sannan dalilin da ya sa bai kawo miki firimiyam daga Kano ba: Qatar Airways, da suka fara zuwa Kano a 2022, ba su da wannan aji sam, a hanyar Kano ikonomi ne sai biznes, wato ajin manya. Ethiopian ma haka. Shi ya sa duk Bakanon da ya nace sai firimiyam, sai ya fara barin garinsu tukun.

Kuma wannan barin garin ba ƙaramin abu ba ne ga mai ciwon gwiwa. Ki lissafa: awa ɗaya da rabi zuwa Legas a matsattsiyar kujera, ku jira kaya, ku fito da su, ku nemi mota daga tashar jiragen cikin gida zuwa ta ƙasa da ƙasa, ku sake bin layi. Tikitin Legas ɗin kuma daban yake da babban tikitin, in jirgin gida ya yi latti kuka rasa na Dubai, babu wanda zai ɗauki asararku. Mai hankali kwana yake yi a Legas, ga kuɗin otal ya shigo, a zuwa da wataƙila a dawowa. Ya sa wannan a lissafin da ya ba ki?

Maman yara, Gyaɗi-Gyaɗi:

Wallahi bai sa ba. Tikitin Legas ma cewa ya yi "wannan ƙaramin abu ne, daga baya ma yi". Na gode ƙanwata, yanzu zan kira shi.

Malama, ma'aikaciyar jinya:

Hajiya, ni ta ɓangaren lafiya zan yi magana. Abin da ya fi damuna ba zafin gwiwar ba ne kaɗai, daskarewar jini ne a jijiyar ƙafa. Zaman da ya wuce awa 4 ba motsi yana ƙara haɗarinsa, ya fi yawa ga dogaye, masu ƙiba, da wanda aka taɓa yi wa aiki ko ya ji rauni a ƙafa. Babbar kujera tana rage matsi, amma ba ta maye gurbin tashi. Mutum zai iya shimfiɗewa a firimiyam ya yi awa 7 bai motsa ba, ya fi wanda ke baya yana zagayawa shiga haɗari.

Ki lallaɓa shi ya ga likitan ƙashinsa kafin ku biya komai, ko da hakan zai sa sirrin ya fito. A tambayi likitan game da safar nan mai matse ƙwauri, da maganin ciwon da zai riƙe a jakar hannu, kada a sa shi cikin akwati. A jirgi kuma duk bayan awa ɗaya ko biyu ya miƙe ya je bayan jirgin ya dawo, ya riƙa juya idon sawunsa, ya sha ruwa sosai. Mazanmu suna ƙin shan ruwa a jirgi don kada su yi ta tashi fitsari su dami na kusa da su. To tashin nan shi ake so.

Wani malamin makaranta, Kabuga:

Ba a ce ta nemi kujerar bakin ƙofar gaggawa ba? Na ji an ce wurin miƙe ƙafa a nan ya fi na firimiyam, kuma kuɗinta kaɗan ne.

Tsohuwar ma'aikaciyar ofishin tikiti, Zoo Road:

Malam, gaskiya ne akwai fili, amma ba ta mai ciwon ƙafa ba ce. Sharaɗinta mutum ya zama mai ƙarfin da zai buɗe ƙofa ya taimaki jama'a in wani abu ya faru. In ma'aikatan jirgi suka ga yana ɗingishi suna da ikon tashinsa, kuma a lokacin duk kujeru masu kyau sun ƙare. Layin farko mai fuskantar bango ma kada a ruɗe da shi: babu mai kwanto maka kujera, amma babu ƙarƙashin kujerar da za ka zura ƙafa, dogon mutum bango yake tokara.

Abin da zan zaɓa masa shi ne kujerar bakin hanya, kuma a kula da ɓangaren. Tunda gwiwar hagu ce, hanyar ta kasance a hagunsa. A manyan jirage masu hanya biyu, kujerar D ke nan, ta farko a rukunin tsakiya. Yaya ta zauna a E kusa da shi, ya ɗan karkato ƙafar damansa wajenta, ta hagun kuma ya miƙe ta a hanya idan keken abinci ya wuce. Ya dai janye ta in zai yi barci, keken nan ƙarfe ne. A biya kuɗin zaɓen kujerar tun ranar sayen tikiti, kada a bari sai a filin jirgi. Sannan ki sa a rubuta masa taimakon keken guragu a tikitin, aƙalla kwana 2 kafin tafiya. Kyauta ne. Filin jirgin Doha ƙato ne, tafiyar ƙasa daga wata ƙofa zuwa wata ita kaɗai ta isa ta tayar da ciwon.

Maman yara, Gyaɗi-Gyaɗi:

Keken nan fa da wuya ya yarda. Mutum ne mai jin nauyin a tura shi. Amma zan gwada ta hannun babbar 'yarmu, ba ya iya musa mata.

Hajiya, Nasarawa:

'Yata, mun je Maldibs ni da Alhaji, bari in gaya miki inda kuɗi yake tafiya, don kada ki zuba shi duka a sama ki sauka hannu rabbana. Filin jirgin yana kan wani tsibiri ne dab da Male, kuma ƙasar tsibirai ce kusan 1,200, saboda haka sauka daga jirgi ba isowa ba ne. In masaukinku na nesa ne sai an ɗauke ku a ƙaramin jirgin nan mai sauka a kan ruwa. Tsadarsa ba a magana, da rana kawai yake tashi, kaya kilo 20 yake yarda da su da 5 na hannu, kuma cikinsa ya fi kowace ikonomi matsi, sai an sunkuya ake shiga. Wannan ba na mijinki ba ne. Ki nemi masaukin da ake kaiwa a kwalekwale mai inji, minti 30 ko 45 daga filin jirgi. Kuma kin ga maganar ƙarin kilo da ake kwaɗaita wa mutane da firimiyam ba ta da amfani a nan, kayan kwana 6 a ƙasar zafi akwati ɗaya ya ishe ku.

Mu a Maafushi muka sauka, tsibirin da 'yan ƙasa ke zaune a kai, ba irin wanda otal guda ya mallake ba. Ana kiran salla kina ji daga ɗaki, ba a sayar da giya, kifi kuwa da safe ake fito da shi daga ruwa. Alhaji yakan fita bayan Asuba ya taka cikin ruwan, ɗumi gare shi, kana hango yatsun ƙafarka a ƙasa da ƙananan kifaye suna zagaya su. Sai da muka kwana 2 kafin jikinmu ya saki, don suna gabanmu da awa 4 ga gajiyar hanya. Shi ya sa da na ji kin ce kwana 4 raina bai so ba. Ranar isowa ta tafi a barci, ranar komawa ta tafi a haɗa kaya. Me ya rage? Janairu kuma lokacin rani ne a can, kowa yana zuwa, masauki yana tsada, ki kama da wuri.

Biza a filin jirgi ake bugawa ta kwana 30, amma sai kin nuna takardar masauki da tikitin dawowa. Kada ku manta katin rigakafin cutar shawara, yalo kad ɗin nan, daga Najeriya kuka fito za a iya tambaya.

Alhaji mai harkar Dubai:

Na ji bayanin kowa, kuma maganar wahalar Legas gaskiya ce, ni da na saba ne ban lissafa ta ba. Amma ina nan kan cewa duk dogon mutumin da zai yi awa 8 a zaune, in har kujerar tana kan dogon zangon, kuɗinsa bai faɗi ba. Hajiya, in kin tsaya kan Doha, ki tambayi ejan kuɗin biznes na zango ɗaya tak, na dare. Wani lokaci kuma kamfani yakan turo tayin ƙarin aji da rahusa ana saura 'yan kwanaki. Ba kullum ba, kada ki dogara da shi, amma ki ajiye ɗan wani abu a gefe ko Allah zai sa.

Maman yara, Gyaɗi-Gyaɗi:

Allah ya saka wa kowa da alheri, ya biya muku bukatunku. Na yi waya da ejan. Da muka haɗa tikitin Legas na mutum biyu da kwanan otal, bambancin ya haura kuɗin kwana 2, ya doshi na 3. Na ce masa ya riƙe mana ta Kano, kujerar D da E a duk zangon da jirgin yake da su, ya kuma duba min ko akwai haɗin da za mu sami 'yan awanni a Doha Abban yara ya miƙe bayansa ya yi salla a natse kafin jirgi na biyu. Kuɗin biznes na dawowa ya ce zai turo min gobe, in ya fi ƙarfina shi ke nan.

Daren jiya na gaya wa maigidan, tunda dole a je wurin likita. Ya yi shiru ya daɗe yana kallona, sannan ya tambaye ni ko da gaske daga kuɗin atamfa ne. Ranar Litinin za mu je asibiti. Hajiya ta Nasarawa, don Allah ki duba saƙo, na tambaye ki yadda ake shiga kwalekwalen nan, ko akwai tsani ko sai an ɗaga ƙafa sosai.