Neman shawara: silaida mai inji, doli ko gimbal, wanne zan fara saya don tallan turare?

Ɗan Sabil, Jidda:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Sana'ata ɗaukar gajeren bidiyon talla wa masu shaguna a nan Jidda: turare, dabino, abaya, jefi-jefi gidan abinci. Yawanci a tsaye nake ɗauka, wato hoto mai cika allon waya, saboda Snapchat da TikTok. Abin da nake da shi Sony A7 III ce, da lensi biyu (ɗaya 90mm ne na ɗaukar abu kusa-kusa), da fitila biyu, da wani tirafod marar nauyi.

Wani Alhaji mai shagon turare a Balad, tsohon garin Jidda, ya nuna min wata talla a wayarsa. Kyamara tana tafiya sannu a hankali, kwalbar da ke gabanta ta rikiɗe ta koma wata, ta sake komawa wata, tafiyar kuwa ba ta tsaya ba, ko gezau. Ya ce irinta yake so kafin azumi, kuma in ta yi kyau zai haɗa ni da abokan kasuwancinsa. Na gwada da hannu, hoton rawa yake yi, wurin canjin kwalba kuma sai ya yi tsalle.

Riyal 3,000 na tara. Wani ya ce in sayi gimbal (mariƙin kyamara na hannu mai hana girgiza) in huta, wani ya ce silaida mai inji (ɗan layin dogo da kyamara ke tafiya a kansa), ni kuma raina ya biya da ɗan dolin nan mai taya da ke tafiya da kansa a ƙasa, ana sarrafa shi da waya. Don Allah masu sani ku haska min hanya, kada kuɗin su tafi a banza.

Ɗan Riyad:
Wa alaikumus salam. Gimbal, abokina, halas. DJI RS 3 yana ɗaukar kilo 3, kyamararka da lensinta ba su kai rabin haka ba. Da shi za ka yi shago, ka yi biki, ka yi yawo a Kurnish bakin teku. Silaida kuwa kaya ne, ga ɗauka ga kafawa.

Baban Misfala, Makka:
Ɗan Riyad, ka sake karanta abin da yaron nan ya rubuta. Gimbal yana hana hoto girgiza, gaskiya ne, amma ba ya maimaita tafiya. Ƙafarka da ƙugunka ne ke tuƙa shi, kuma babu ɗan Adam da zai taka sau huɗu ya sauka a kan milimita ɗaya. Da lensi 90mm kusa da kwalba, ko numfashinka sai ya fito a hoton.

Ɗana, abin da Alhajin ya nuna maka ba sihiri ba ne. An ɗauki tafiya guda sau da yawa, kowane karo da kwalba daban a wuri guda, sannan wurin tacewa aka yanka daga wannan zuwa wancan. Tunda saurin ɗaya ne, hanyar ɗaya ce, ido ba ya ganin mahaɗin. To abin da kake biya wa kuɗi a na'ura mai inji ke nan: ta je ta dawo daidai inda ta taso, kuma ta iya tafiya a hankalin da hannu ba zai iya ba. Motsi kawai kam ko keken guragu ma yana yi, kuma masu fim sun daɗe suna zaunar da mai kyamara a kansa ana tura shi.

Game da ɗan dolin da ranka ya biya: Edelkrone, kamfanin Turkiyya, yana da irinsa, DollyONE, yana tafiya miƙe ko ya yi baka ya zagaye abu. Na'ura ce mai kyau a inda aka yi ta domin shi, wato tebur ko daɓe mai santsi ƙal. Sai ka tambayi kanka ina kake aiki. Shagunan Balad tayil ne, kowane mahaɗin tayil biyu taya za ta faɗa ta fito, kuma hoton zai nuna. Gidajen biki da istiraha (gidajen hutu na haya) kafet ne. Taya kuma tana ɗan zamewa, musamman in ƙura ta kwanta, don haka zuwa na biyar ba lallai ya hau kan na farko ba. Silaida layin dogonta na jikinta, ƙasa ba ta da ta cewa. Aikinka na tebur ne, tafiyar santimita 30 zuwa 40 ta ishe ka har ta yi yawa.

Amma kunnenka nawa: kada ka zuba kuɗin duka a silaida. Wannan tirafod naka marar nauyi shi zai ɓata maka aiki. Idan kyamara ta kai ƙarshen layi nauyi ya koma gefe guda, sai kan tirafod ya sunkuya, hoton ya karkace. Ɗora silaida mai tsada a kansa tamkar aza tulu ne a kan gammon da bai zauna ba. Ko dai ka nemi mai ƙarfi, ko ka tallafe bakin silaidar biyu da sandunan fitila, ko kuma ka ajiye ta kan tebur da ƙafafunta.

Ɗan Riyad:
Ranka ya daɗe na karɓi gyara a kan kwalba. Amma ranar da aka kira shi biki fa?

Baban Misfala, Makka:
Ranar sai ya ari naka.

Injiniyan Yanbu:
Baba ya gama magana, ni dai zan ƙara abin da ke cikin na'urar, don ka san abin da za ka duba in ka je saye.

Yawancinsu injin da ke ciki mai tafiya taki-taki ne. Wanda aka fi amfani da shi yana yin taki 200 kafin ya zagaya sau ɗaya, wato digiri 1.8 kowane taki, yana jan bel mai haƙora. In bel ɗin GT2 ne, haƙoransa milimita 2 tsakani, a kan gargare mai haƙori 20, zagaye ɗaya milimita 40 ke nan, taki ɗaya milimita 0.2. A ido wannan ba komai ba ne, amma a lensinka na kusa-kusa tsalle ne babba. Shi ya sa ake rarraba kowane taki gida 16 ko fiye. Nan ne mai kyau da marar kyau suke rabuwa: ba a gudu ba, a tafiyar hawainiya. Kowace silaida tana da kyau in tana sauri. Ka sa mata mafi ƙarancin saurinta, ka ɗora kyamararka da lensin 90mm, ka ɗauki rubutun jikin kwalba, ka kalla a babban allo ba a bayan kyamara ba. In rubutun na karkarwa, ajiye musu kayansu.

Na biyu, irin wannan inji ƙirga taki yake yi, bai san inda yake ba. In waya ta sarƙe ko nauyi ya yi yawa ya tsallake taki, zai ci gaba abinsa yana zaton daidai yake, sai ka ga zuwa na uku ya kauce. Ka ɗaure wayoyinka, ka manna ɗan salatif a inda tafiya ke farawa, kowane karo ka duba ta dawo kansa. Nauyin da suke rubutawa a kwali kuma na kwance ne. Da zarar ka jingina ta ko ka tsayar da ita don kyamara ta hau sama, abin da za ta iya ja ya ragu sosai, ka nemi wannan adadin daban.

Sunaye, tunda za ka tambaya: iFootage Shark Slider Nano tana tafiya kuma tana juya kai, ga ɗan allo a jikinta ba sai da waya ba. Zeapon Micro da SliderPLUS na Edelkrone in an ɗora su a tirafod kyamara tana cin ninki biyu na tsawonsu, sun dace da mai yawo da jaka, sai dai su ne suka fi matsa wa tirafod. Akwai Syrp Genie na New Zealand, wanda daga baya ya koma hannun Manfrotto, akwai Rhino da Kessler na Amurka, waɗannan sun fi ƙarfin aljihunka a yanzu. Ni da ni ne zan fifita wadda ke da maɓalli a jikinta. Manhajar waya tana iya yanke hulɗa kana tsakiyar aiki, mai shago na tsaye a kanka yana kallon agogo.

Mai hannu da sha'awa yana iya haɗa tasa: inji NEMA 17, direba TMC2209 mai tuƙa injin ba tare da ƙara ba, da 'yar kwamfuta irin Arduino ko ESP32. Amma azumi ya matso, ba lokacin koyon walda ba ne.

Anti Mai Kyamara, Makka:
Ƙanena, ni ɓangaren mata nake ɗauka a biki, ranakun da babu biki kuma ina yi wa masu humra da turaren wuta talla, don haka teburin nan na san shi.

Duk sun yi maka maganar motsa kyamara. Ni cewa nake ka fara motsa kwalbar. Ɗan faifan nan mai juyawa da lantarki da masu zinariya ke sawa a gilashin shago, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Ka aza kwalba a tsakiyarsa, kyamara na tsaye, haske na bin gefen gilashin yana gangarawa. Rabin abin da ke burge masu shago ke nan. In ka haɗa shi da silaida kuwa sai ka ce daga Dubai aka aiko.

Sannan tunda a tsaye kake ɗauka, tafiyar gefe ba ta da fili, daƙiƙa biyu kwalba ta fice daga hoto. Tafiyar shiga ciki ta fi kyau, kyamara na kusantar kaya. Matsalarta fokas: kusa haka, abin da ke fitowa tar bai wuce 'yan milimita ba. Ka rufe lensi zuwa f/8 ko f/11 ka ƙara haske, ka kuma rage tsawon tafiyar. Ka ajiye wani abu tsakaninka da kwalbar, gutsuren itacen oud ko bakin kasko, ya wuce ta gaban lensi a dushe. In babu abu a gaba, mai kallo ba zai ma san kyamara ta motsa ba, ka yi asarar batir.

Don canjin kwalba: komai a hannu, haske, launi, fokas, kada ka bar wa kyamara ta zaɓa. Ka kashe abin hana girgiza na cikin kyamara da na lensi, don shi ma yana ɗan jan hoto yadda ya ga dama, zuwa biyu ba za su haɗu ba. Ka zana da'irar gindin kwalba da fensir a kan tebur. Hayaƙi kuwa ba ya maimaituwa, ko injin miliyan ka saya. Ka ɗauke shi daban, baƙin ƙyalle a baya, fitila ta bayansa, a kashe mukayyif (AC) a rufe ƙofa. Zufa za ka yi, amma hayaƙin zai miƙe kamar yadda ake so. Garwashin kuma nesa da bel ɗin roba.

Malamin Madina:
Abu ɗaya da ke kama 'yan'uwanmu da suka koyi aiki a gida: wutar Najeriya da ta Sudan 50Hz ce, ta Saudiyya 60Hz. Wanda ya saba da firem 25 (hotuna 25 a daƙiƙa) da shata 1/50 (tsawon lokacin da haske ke shiga kowane hoto), in ya shiga shago mai fitilun rufi sai ya ga layuka na yawo a hoton, a tafiyar hankali kuma sun fi fitowa fili. Ka sa shata 1/60 ko 1/120, in ka ga dama ka koma firem 30. Wasu fitilun LED masu araha ko da haka sai sun yi, gara ka kashe na shago ka kunna naka.

Idan kuma za ka fita da silaidar cikin lungunan Balad ka ɗauki tagogin katakon nan, ka tuna wurin yana cikin jerin UNESCO tun 2014, ɗaukar talla a can sai da izini. Fuskokin mutane kuma a kiyaye: dokar laifukan intanet ta 2007 ta tanadi ɗauri har shekara ɗaya ko tara har riyal 500,000 ga mai keta sirrin mutane da kyamarar waya da makamantanta. Ka kuma tabbata takardun zamanka sun ba ka damar sana'ar.

Ɗan Riyad:
To bari in gyara sunana. Kafin ka sayi silaida, yi hayar ta kwana ɗaya. Tun da aka buɗe silima a 2018, aka kafa hukumar fim a 2020, ga bikin fina-finan Bahar Maliya da aka fara a nan Jiddarku a 2021, masu ba da hayar kayan fim sun samu a Riyad da Jidda. Manyan tallan da kake gani kwalba na tashi sama ruwa na fantsama, hannun mutum-mutumi ne irin Bolt na kamfanin MRMC na Ingila, wanda Nikon ta saya a 2016. Shi ma hayarsa ake yi har da mai tuƙa shi, kada Alhaji ya nuna maka irin wannan ya ce riyal 3,000 za ta yi.

In daga waje za ka yi oda, ka lissafa harajin kashi 15 da kuɗin kawowa. A Haraj, kasuwar intanet ta Saudiyya, ana samun na hannu, amma sai ka je da kyamararka ka yi gwajin da Injiniya ya faɗa a gaban mai kayan. Wani abokina ya karɓi tasa a bakin titi da daddare, ya iso gida ya tarar layin ya ɗan lanƙwashe.

Injiniyan Yanbu:
Na manta batir. Ka zaɓi mai cin NP-F, irin wanda fitilu da yawa ke amfani da shi, ko'ina ana samu. Kada ka bar shi ko silaidar a mota da rana, zafin nan yana kashe batir yana sassauta bel. Layin kuma busasshen tsumma ya ishe shi, in ka shafa mai ƙura ce za ta manne. In za ka je gida da su a jirgi, batir a jakar hannu yake tafiya, ƙasa da 100Wh babu matsala, NP-F970 bai kai rabin haka ba.

Ɗan Sabil, Jidda:
Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma. Baba, na haƙura da dolin. Anti, gobe in sha Allah zan nemo faifan, shi zan fara gwadawa. Ranar Asabar zan yi hayar silaida in yi gwajin rubutun kwalba, abin da ya rage bayan tirafod shi zai nuna wadda zan saya. Saura tambaya ɗaya, Injiniya: sandunan fitilar da Baba ya ce in tallafe bakin silaida da su, nawa na aluminiyam ne sirara. Za su riƙe, ko sai na rataya musu jakar yashi?

Injiniyan Yanbu:
Rataya musu. In babu jakar yashi, galan ɗin ruwa mai lita 5 kowanne ya isa, ka ɗaure shi ƙasa-ƙasa kada ya yi lilo.