Dan Allah a ba ni shawara, fim zai iya koya min tarihin Amurka?

Salamu alaikum 'yan uwa. Ni ɗaliba ce aji biyu a jami'a, wannan zangon an ba mu kwas ɗin tarihin Amurka, kuma wallahi ina buɗe littafin kafin shafi biyu bacci ya kwashe ni, sunaye da shekaru duk sun cakuɗe min, har yanzu ban gama bambance yaƙin neman 'yanci da yaƙin basasa ba. Amma fim in na kalla sau ɗaya ko bayan shekara zan ba da labarinsa tas. Shi ne nake tunanin in bi ta nan, in kalla in rubuta ɗan sharhi a kai. To da wanne zan fara, kuma za a iya dogara da su a jarabawa? Sannan a falo muke kallo da Umma da ƙannena, ba na son abin kunya.

Malamin sakandare:
Wa alaikumussalam ƙanwata. Fara raba yaƙoƙin nan biyu tukuna. Na farko da Ingila suka yi, 1775 zuwa 1783, a cikinsa ne suka ayyana 'yanci ranar 4 ga Yuli 1776. Na biyu tsakaninsu ne, Arewa da Kudu, 1861 zuwa 1865, kuma bauta ce tushen rigimar. Shawarata kar ki kalla barkatai, ki jera su bisa shekarar da abin ya faru. Amistad tukuna, bayin da aka kwaso daga yankin Saliyo suka yi bore a jirgin ruwa a 1839 har shari'a ta kai kotun ƙoli a 1841. Sai 12 Years a Slave, Solomon Northup ɗa ne ba bawa ba, aka sace shi a 1841 bai kuɓuta ba sai 1853. Sai Glory da Lincoln na lokacin yaƙin basasa, sannan ki tsallako Selma, kan fafutukar baƙaƙen fata ta neman 'yancin zaɓe a 1965. In kin bi haka shekarun da kansu za su zauna.

Yayan gida:
Malam ya yi daidai amma fa mai fim ɗan kasuwa ne, inda labari ya yi lami sai ya zuba gishiri. A Lincoln an nuna wakilai biyu na jihar Connecticut sun ƙi amincewa da gyaran tsarin mulki na 13 da ya haramta bauta, alhali ranar 31 ga Janairu 1865 duk wakilan jihar su huɗu amincewa suka yi. Selma ma an sha ce-ce-ku-ce kan yadda aka nuna shugaba Johnson kamar shi ne mai jan ƙafa, bayan shi ya sa hannu a dokar 'yancin zaɓe a watan Agusta na 1965, kuma jawaban jagoran fafutukar, Martin Luther King, da ke ciki ba ainihin kalamansa ba ne, sabbi aka rubuta. Ki kwashi irin wannan ki zuba wa lakcara a takarda ki ga ikon Allah. Ni yadda nake yi, ina gama kallo sai in rubuta sunaye uku da shekara ɗaya, in koma littafi in duba, nan ne ma karatun ke daɗi don ka riga ka san fuskar mutumin.

Maman 'yan biyu:
Ɗiyata 12 Years a Slave da Amistad kam kar ki kunna gaban Umma, akwai tsiraici wajen cinikin bayi da cikin jirgi, ga bulala har fata na tsagewa, ni sai da na kasa cin abinci. Ki sa a waya ki kalla ke kaɗai. Lincoln ba matsala sai dai surutun majalisa, yara da kansu za su tashi.

Ɗan Maiduguri:
In kin zo kan Glory ki tuna da mu. Runduna ta 54 ta Massachusetts ce, ta baƙaƙen fata, da ta kai hari sansanin sojojin Kudu na Fort Wagner a Yulin 1863. To a 'yar uwarta ta 55 akwai haifaffen Kukawa, Nicholas Said, da aka kama shi bawa yana yaro, ya bi ta Sahara da Turkiyya da Rasha kafin ya faɗa Amurka. Ba ya cikin fim ɗin, amma ki saka shi a sharhinki.

Sarkin tsokana:
Ni tarihin Amurkata a finafinan kaboyi na koya, na girma ina ɗauka 'yan asalin ƙasar su ne 'yan ta'adda hhhh. Sai daga baya na ji labarin dokar 1830 da aka kore su daga gonakinsu zuwa yamma da kogin Mississippi.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri, na gode ƙwarai. Malam na rubuta jerin a bangon littafina, daren yau Amistad a waya da iyafis. Yaya in na gano wani gishirin zan kawo nan a tayani dubawa.