Wai me za mu kira baƙin da ake fesa wa danjar mota da Hausa?

Salamu alaikum jama'a, ina neman taimakon masu Hausa a baki. Abin da ya sa na kawo maganar nan, satin da ya wuce ƙanena ya ga wata Golf a Kano an yi wa fitilunta na baya wani duhu mai sheƙi, idan an taka birki ja ya fito tar, idan an saki sai ta koma kamar baƙar kwalba. Ya dawo gida nan ƙauyenmu a ƙasar Kura ya ce shi ma sai ya yi wa tasa. Ya aiki yaro Kofar Ruwa ya ce a sayo masa "baƙin fenti na fesawa", aka sayo daidai abin da ya faɗa, ya fesa, da magariba aka taka birki ko ɗigon haske babu. Ni ban ga laifin yaron ko mai shago ba, sunan abin ne ba mu da shi, shi ya sa aka sayo wani abu daban.

To fenti dai ya fita tun daga nan. Fenti rufewa yake yi ruf, wannan kuwa shara-shara ne, haske na ratsa shi.

Wasu za su ce ai tintak ne. Eh, shi ma duhu yake sawa, amma ka je kowace tasha ka ce tintak, ba abin da zai zo wa mutum sai ledar nan da ake manna wa gilashin ƙofa, wadda 'yan sanda ke tambayar takardarta. Wannan kuma ruwa ne a gwangwani, kuma murfin danja ma ai roba ce ba gilashi ba.

Bari in faɗi yadda muka sake aikin, don sai an san aiki ake raɗa masa suna. Sai da muka sayo wasu fitilun na gwanjo tunda na farko sun lalace. Ana kwance fitilar daga cikin but a zare ƙwayayen, a wanke da omo, sannan a jiƙa samfefa mai laushi, mu mai lamba 1000 muka samu, a riƙa gogawa da ruwa a hankali har sheƙin robar ya mutu ta yi dishi-dishi, don in tana da santsi feshin ba zai kama ba. A goge da sifirit, kar a kuskura a sa tina, cinye robar take. Wajen fitilar ribas da ɗan jan nan mai ƙyalli in an haska shi a rufe su da salatef. A girgiza gwangwanin sosai a tsaya kamar taƙi ɗaya daga fitilar a wuce sau ɗaya sama-sama, a jira kamar minti 10, a sake. Mu a na biyu muka tsaya, muka sa tocila ta ciki muka ga ja na fitowa sosai. Daga baya a fesa kiliya, wato feshin nan marar launi da ake rufe aiki da shi, in ta bushe a goge ta yi sheƙi. Kuma don Allah ba a tsakar gida ba in ana iska, mu a zaure muka yi bayan mun yayyafa ruwa a ƙasa, ƙura ɗaya ta sauka a kai yana ɗanye ta zauna kenan.

Na gode da amsoshin da suka shigo, na karanta duka.

Wani ɗan uwa daga Ringim ya ce "hazon fitila", saboda hazo na rage hasken rana amma ana ganinta. Wallahi tunanin ya yi, matsalar dai hazo fari ne, kuma masu mota sun riga sun ba tsohuwar fitilar gaba wadda ta dafe wannan sunan, za ka ji an ce ta yi hazo a wanke ta. Kar a haɗa ado da lalacewa a suna ɗaya.

Wata baiwar Allah ta ce "kwallin danja", tunda fitila idon mota ce kuma an ce garin gyaran gira kar a rasa ido. Malama wannan ya burge ni ƙwarai, ya fi duk sauran daɗi a baki, sai dai kwalli a gefen ido ake zizara shi ba a kan ƙwayar ba, in aka ce a yi wa fitila kwalli mai feshi zai iya zagaye bakinta kawai.

Ni dai inda na tsaya shi ne rini, "rinin danja". Wataƙila don a Kura na tashi ne na ga marina da idona, amma ku duba: marini ba ya samun baƙi a tsomi ɗaya, tsomawa yake ya fitar ya sha iska ya mayar, kowane tsomi na ƙara duhu, kuma shi ya san inda zai tsaya. Ga wankin farko kafin a tsoma, ga bugu a ƙarshe da ke fito da sheƙin ɗan kura, rinannen yadin nan mai ƙyalli, daidai da kiliya da gogen da muke yi. Har ma'auni kalmar ta zo mana da shi, sai ka ce wa mai aiki tsomi biyu nake so, ya gane.

Malam mai gyaran wayarin da ya ce rini shiga zare yake shi kuwa wannan a sama yake zama, gaskiyarka ne ranka ya daɗe, ban musa ba. Amma mai saye abin da yake buƙata kalmar da za ta raba masa gwangwani biyu a kanta ɗaya, in ya ce rini ba za a miƙo masa fenti ba.

Kuma abin ba na wasa ba ne a wajenmu, motar nan titin Kano zuwa Zariya take hawa kullum da daddare, tireloli a bayanta, direban da ke sama can danjar nan kaɗai yake gani ya san an tsaya. Wanda ya kai tsomi huɗu ko biyar ya koma inda ƙanena ya faro, ko 'yan Road Safety ba su tare shi ba.

Gobe Juma'a zan shiga Kano, zan gwada cewa "rinin danja" a shago biyu ko uku ba tare da wani bayani ba in ga me za a ɗauko min. 'Yan Hadejia da Gumel kuma in kuna da yadda kuke kiransa a can ku faɗa kafin in tafi.