Neman shawara: cikar shekarar Kaka ta raba mana gida

Jikar Kaka (Yelwa, Bauchi): Salama 'yan uwa. Don Allah ku taimaka min, raina a jagule yake. Kakarmu ta wajen uwa za ta cika shekara da rasuwa a Nuwamba. 'Yar Bogoro ce, aure ya kawo ta Bauchi. Tana Zumuntar Mata ta cocin Katolika tun kafin Bauchi ta zama dayosis (yankin da bishop ke jagoranta) a 2003, ta ga zamanin Bishop John Moore, da na Bishop Malachy Goltok, har na Bishop Hilary Dachelem. Mas na asuba ba ya wuce ta. Duk Asabar sai ta dama kunun gyaɗa ta cika kula biyu, mu ɗaukar mata zuwa asibiti. Gado gado take bi, ba ta tambayar sunanka balle addininka. Wanda ba shi da mai jinya, ita ke wanke masa kwano ta gyara masa shimfiɗa. Carbinta ya tsinke ta ɗaure da zaren buhu, aka sayo mata sabo ta kyautar. A watan Oktoba kuwa ba mai kwanciya a gidan sai an yi rosari a tsakar gida.

Yanzu an tara kuɗi. Mama Babba, yayar mamana, ta ce anko da rumfa da saniya da kalanda mai hoton Kaka. Ni na ce a ba da Mas, wato a sa Fada ya yi mata addu'a a sujadar coci, sauran kuɗin a ci gaba da kunun asibiti da sunanta. Tun abin da ya faru ranar jana'iza ba ma wata magana da ita. Ya zan yi?

Baba Katekis: 'Yata, maganarki ce daidai, ba sai an ja ba. Ranar 2 ga Nuwamba Ikilisiya ke tunawa da dukan masu bi da suka rasu, watan gaba ɗaya ma na yi musu addu'a ne. Ki je ofishin cocinku ki rubuta sunanta. Mamaci ba ya cin saniya, addu'a yake bukata. Duba littafin Makabi na biyu sura 12.

Maman Biyu: Kada ma a tuna min da anko. Da surukina ya rasu kala biyu aka fitar, na ci bashi na saya, dangin mijina ko sannu. Har yau ina biyan adashi a kai. Kuma wadda ta zaɓi atamfar riba ta ɗora mana.

Uwar Zumunta: A'a Baba. Matar nan ta yi shekaru tana zuwa bikin mutane da makokinsu, zumunta a ƙafa take. Yanzu matan za su zo da tulu da caki su yi mata waƙa, a sallame su da ruwan leda? Sannan 'yata, kunun nan wa zai dama duk Asabar? Kin san kuɗin mudun gyaɗa a kasuwar Muda Lawal? Kuɗin ya ƙare a wata uku, sai me?

Jikar Kaka: Mama, ni zan dama. A hannunta na koya, ni nake tace mata tsamiya. Ban ce kar a ciyar da kowa ba, masa da kunu sun isa. Kaka ba ta son almubazzaranci, ni na zauna da ita, ba su ba.

Ɗan Billiri: Ni ɗan ECWA ne, mu sujadar godiya muke yi, ba ma roƙo wa matattu. Amma ƙanwata ba ki faɗa mana ba, kuɗin nawa ne, a hannun wa yake, kuma me mamanki ta ce? Me ya faru ranar jana'izar?

Baba Katekis: Ɗana, 'yar Katolika ce ta rasu, a bar mu mu yi mata yadda ta yi imani. Shekaru na yi ina jagorantar jana'iza a ƙauyuka, na ga gidan da aka sayar da gona don taron kwana ɗaya. 'Yata, ki kai maganar gaban Fada ya kira Mama Babba, shi ke nan.

Maman Biyu: Ta kai ƙarar yayar uwarta wajen Fada? Wallahi har ta mutu ba za a manta mata ba. Ki samu kawunku ya shiga tsakani.

Jikar Kaka: Maganar jana'iza ba ta nan ba ce, ku yi haƙuri. Kawu Musulmi ne, ya ba da nasa kason, ya ce duk abin da aka yanke zai zo cin abinci amma ba zai sa baki a tsarin coci ba. Kuma ni ba rashin kunya nake yi ba. Rabin kuɗin nan daga albashina ya fito.

Uwar Zumunta: To ai ga inda gizo ke saƙa. Kuɗi ba ya mai da jika 'ya. Uwar Mama Babba ce ta rasu, ki bar ta ta yi kukanta yadda ta iya.

Baba Katekis: Na riga na faɗa. Mas tukuna.

Jikar Kaka: Yanzun nan Mama Babba ta turo hoton atamfar a zauren WhatsApp na gida, ta ce kowa ya faɗi yadi nawa yake so kafin Lahadi. Mamana ta rubuta shida. Ni ban amsa ba.

Ɗan Billiri: Har yanzu ba ki ce a hannun wa kuɗin yake ba.