Hajiyarmu za ta zo Istanbul, ina zan kai ta ba tare da na wahalar da gwiwarta ba?

Ɗan Autan Hajiya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina karatun digiri na uku a Istanbul, kuma cikin ikon Allah bizar mahaifiyata ta fito, za ta zo wajena a watan Afrilu. In ban da aikin Hajji, ba ta taɓa fita waje ba. Ta haura shekara sittin, tana fama da ciwon gwiwa, in abin ya motsa har sallah a zaune take yi. Duk wanda ya san garin nan ya san tudu da gangare ne, ga titunan tsohon gari da aka shimfiɗa da duwatsu, ni mai ƙafa lafiya ma ina jin jiki.

Raina yana so ta ga Aya Sofiya, Masallacin Sultan Ahmad mai hasumiya 6, fadar Topkapi, Masallacin Sulaimaniyya da babbar kasuwa. Ita kuwa abu ɗaya take ta maimaitawa a waya: in kai ta ziyarar kabarin Abu Ayyub al-Ansari. Don Allah wanda ya taɓa yawo da dattijo a nan ya ba ni shawara. Ba na so ta koma gida da gajiya maimakon farin ciki.

Ummu Sadiƙ:
Wa alaikumus salam. Allah ya kawo Hajiya lafiya. Ai ta riga ta ba ka amsa da bakinta, ka fara da inda ta ce. Wannan sahabi shi ne ya sauki Manzon Allah (SAW) a gidansa a Madina, ya rasu a nan lokacin da Musulmi suka kewaye birnin a zamanin Mu'awiya. Mutum irin Hajiya ya san wannan tarihin tun kafin a haife ka, saboda haka ba gini za ta je kallo ba. Sa'ar da ka yi, unguwar Ayyub Sultan, inda kabarin yake, shimfiɗaɗɗiya ce. Ku hau tiram T5, jirgin ƙasa na cikin gari, daga unguwar Eminonu, ku je da hantsi a ranar aiki. Juma'a da Lahadi cunkoson ba na mai ciwon gwiwa ba ne.

Abin da maza ba sa tunawa: a masallaci rabuwa za ku yi. Sashen mata daban yake, kuma ba za ka bi ta ciki ba. Lokacin da mamana ta zo, kafin mu shiga nakan nuna mata abu guda a harabar, a Ayyub Sultan babbar bishiyar nan ce, in ce ko me ya faru a nan za a haɗu. Ka rubuta lambarka da adireshinka a takarda ka sa mata a jaka. Ta yi alwala tun daga gida, domin wurin alwalar mata a masallatai da yawa sai an sauka matakala, ruwan kuma sanyi ƙarara. Takalmin da ake zurawa kawai ta sa, da leda a hannu, don za a ɗauke shi a shiga da shi. Sannan ka sayo ƙaramar kujerar nan mai naɗewa, kada ka dogara da cewa za a samu a ciki.

Malam Na Uskudar:
Ni shawarata wuri ɗaya a rana, a dawo gida kafin la'asar. Sulaimaniyya yana da kyau ƙwarai, aikin magini Mimar Sinan ne da aka kammala a 1557, amma a kan tudu yake, sai dai tasi ta kai ku bakin ƙofa. Topkapi kuwa ka cire ta, tafiyar ciki ta yi yawa. Maimakon haka ku hau jirgin fito daga Eminonu zuwa Uskudar. Tana zaune da shayinta za ta ga hasumiyoyin garin duka, ta tashi daga Turai ta sauka a Asiya. Da Istanbulkart, katin sufurin garin, ake biya.

Ummu Sadiƙ:
Malam, jirgin fito na yarda da kai, amma batun Topkapi a yi haƙuri. A can ne ɗakin kayan amana yake, waɗanda Sultan Salim ya kawo bayan ya ci Masar a 1517, akwai takubban da ake dangantawa ga Annabi da sahabbai, kuma ana karatun Alƙur'ani a wurin ba yankewa. Mamana tsayawa ta yi gaban gilashin tana ta salati, hawaye na zuba, na kasa ce mata mu tafi. Ɗan'uwa, kada ka zagaya da ita fadar duka. Ku shiga da sassafe, ku wuce kai tsaye farfajiya ta uku, kuna hutawa a kan benci, ku fito. Ranar Talata a rufe take. In da sauran ƙarfi, lambun Gulhane yana gefe, kuma Afrilu lokacin furen tulip ne.

Aya Sofiya kuma, tun 2020 ta koma masallaci, ku je lokacin sallah ta yi a ƙasa. Benen sama na masu yawon buɗe ido ne, hawansa ba nata ba ne.

Ɗan Autan Hajiya:
Allah ya saka da alheri, wallahi batun sashen mata bai taɓa zo mini a rai ba. Na yi magana da matar abokina, ta ce za ta raka mu Ayyub Sultan ta shiga da Hajiya. Kujerar ma gobe zan nemo. Kasuwa zan bari sai dab da tafiyarta, na san tsarabar jikoki ba za ta yarda a tsallake ba. Saura tambaya ɗaya, Malam: a tashar Eminonu, shiga jirgin akwai matakala, ko za ta iya takawa a hankali in na riƙe mata hannu?